Yadda ake farautar barewa a dajin Wiskonsin lokacin kaka, daga yankar lasin har nama ya shiga firiza

Duk shekara da zarar ganyen bishiyoyi ya fara ja yana zubowa a nan Amurka sai 'yan uwa su fara kirana, wai malam yaya ake yi ne mutum ya shiga farautar barewar nan, mu ma muna so mu ci naman daji na halal. Toh bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya yadda na san shi a jihar Wiskonsin inda nake fita, don kowace jiha da dokarta, abin da ya halatta a nan kana tsallakawa Minesota ko Mishigan sai ka tarar an ɗan canja.

Dabbar dai muna ce mata barewa ne kawai don ita ce ta fi kusa a bakinmu, amma ba irin barewarmu ta gida ba ce siririyar nan. Wannan babba ce, tamatar ma ta fi tunkiya nesa ba kusa ba, namijin kuwa yana da ƙaho mai rassa kamar reshen itace wanda yake zubarwa duk shekara cikin hunturu wani sabo ya fito. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, idan ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar ta zura da gudu, wannan farin shi ne abin da sabon maharbi ya fi gani a daji.

Ka cire farautar gida daga ranka tukuna. Irin wadda ake gayya a fita da karnuka da gora da kiɗa da ihu a tayar da nama a bi shi, ko ta dare da fitila a goshi, ko a cinna wa daji wuta, duk babu su a nan. Korar barewa da kare laifi ne a Wiskonsin, haska ta da tocila kana riƙe da bindiga laifi ne babba. Farautar nan zama ce. Ka samu wuri ka zauna shiru cikin sanyi awa huɗu awa biyar, wata rana ka wuni ba ka ga komai ba sai kurege, kuma idan ta zo harbi ɗaya ne ake so ya gama magana. Wanda ba zai iya zaman nan ba gara ya tsaya a gida a kawo masa tsoka.

Sai maganar takardu, kuma don Allah kar a yi wasa da wannan musamman mu baƙi. Hukumar da ke kula da daji da namun daji ita ce DNR, a shafinsu na Go Wild ake yankar lasin. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta da riƙon bindiga ya karɓi satifiket kafin a ba shi damar fita shi kaɗai. Idan ba ka yi kwas ba akwai hanyar fita ƙarƙashin wani maharbi mai lasin, amma sharaɗin kana kusa da shi inda hannunsa zai iya kaiwa gare ka. Ni shawarata ka yi duka biyun, ka yi kwas ɗin kuma shekararka ta farko ka bi wanda ya sani. Lasin ɗin bindiga na mazaunin jiha dala 24 ne, na baƙo daga wata jiha ya ninka haka sau da yawa. Sannan akwai dokar tarayya kan wanda ya halatta ya riƙe bindiga, mai katin zama na dindindin hukuncinsa daban, mai bizar karatu ko ta ziyara nasa daban, wanda ba shi da takardu kuwa haramun ne ya taɓa ta ko da ta aro ce. Ka tabbatar da matsayinka kafin ka ɗauki bindigar kowa, nama bai kai a kore ka daga ƙasa a kansa ba.

Lokacin baka da kibiya yana buɗewa tun tsakiyar Satumba har farkon Janairu, amma babbar farautar da kowa ke jira ita ce ta bindiga ta kwana 9, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyar nan nasu na ƙarshen Nuwamba ta ƙare Lahadin bayansa. A 2025 ta kama 22 zuwa 30 ga wata. Mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasin ɗinta, kai ka ga hanyar arewa ranar Juma'ar jajibiri motoci kamar ana tafiya sallah gida. Lasin ɗinka yana zuwa da izinin namiji ɗaya mai ƙaho, ita kuma tamata ko ƙarami mara ƙaho izininsu daban ne kuma an ɗaure shi da yanki da irin filin, na gwamnati ne ko na mutum. Ka karanta abin da ke jikin naka da kyau, kar ka harbi tamata a inda takardarka ba ta ba ka ba.

Ina za ka je? Akwai dajin gwamnati da yawa, babban shi ne Chequamegon-Nicolet can arewa wanda ya kai kusan eka miliyan ɗaya da rabi, ga dazukan ƙananan hukumomi ga filayen DNR, duk kyauta ne da lasin ɗinka. Amma gaskiya barewa ta fi yawa a kudu da tsakiyar jiha inda daji ya haɗu da gonakin masara da waken suya, kuma yawancin wuraren na mutane ne. Filin mutum ba a shiga sai da izininsa, ko da barewar da ka harba ce ta tsallaka ta faɗi a ciki sai ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa ka roƙa. Manoma da yawa suna yarda idan ka je da wuri tun watan Satumba ka gaisa cikin mutunci, don barewa na yi musu ɓarna sosai. In ka samu, ka kai masa cinya.

Kafin ranar buɗewa ka je ka zaga wurin da ƙafarka ko sau biyu ne. Abin da kake nema sawu ne mai tsaga biyu kamar na akuya, da kashinta ƙanana baƙaƙe a tare, da 'yar siririyar hanyar da suka tattake tsakanin inda suke kwana cikin duhuwa da inda suke kiwo. A kaka abincinsu 'ya'yan wata babbar bishiya da ake kira oak ne da suka zubo da ragowar masara a gonar da aka girbe. Idan ka ga ƙaramar bishiya an saluɓe mata ɓawo daidai gwiwa zuwa ƙugu, namiji ne ya goga ƙahonsa. Idan ka ga an tone ƙasa an share ganye ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, shi ne ma, nan yake fitsari ya bar wa mata saƙo. Farkon Nuwamba zuwa tsakiyarta lokacin barbararsu ne, mazan hankalinsu ya tafi suna yawo har da rana tsaka, lokacin da bindiga ke buɗewa abin ya fara lafawa amma da saura.

Yanzu ga abin da ya fi komai, iska. Wallahi ko ka manta duk abin da na faɗa kar ka manta wannan. Idon barewa bai kai hancinta ba ko kusa, tana jin warin mutum daga nesa sosai, kuma da ta ji shikenan ba za ka ma san ta zo ba. Dole iska ta riƙa busowa daga inda kake sa ran fitowarta zuwa fuskarka, in ta juya tana kwasar warinka tana kai mata to ka tashi ka canja wuri, zama a nan ɓata lokaci ne. Ni ina ɗaukar ɗan garin toka ko audugar ciyawa in saki in ga inda ta nufa. Kuma mu mutanen turare ne, na sani, amma ranar farauta ba almiski ba turaren wuta ba sabulu mai ƙamshi, kayan da za ka sa ma kar su kwana a kicin inda aka soya albasa da daddawa, ka sa su a leda ka ajiye a gareji ko bayan mota. Sigari kuma a bar shi.

Kayan sawa doka ta ce daga ƙugu zuwa sama aƙalla rabin abin da ke jikinka ya zama ruwan lemo mai ƙyallin nan, ko ruwan hoda mai ƙyalli da aka halatta a 2016, hula ma haka. Sabbi kan ce ai barewa za ta hango ni. Ba ta rarrabe ja da ruwan lemo yadda muke yi, shuɗi ne take gani sosai, don haka wandon jins shuɗi ya fi wannan rigar tona maka asiri. Rigar don sauran maharba ce, su gan ka kar su ɗauke ka nama. Sanyi kuma ba irin na hunturun Kano ko Jos ba ne, sau da yawa yana sauka ƙasa da sifiri, wani lokaci da ƙanƙara a ƙasa, ga shi ba motsi kake ba. Ka sa kaya hawa uku, na ciki kar ya zama auduga don tana riƙe gumi ta daskarar da kai, safa ta ulu, takalmi mai kauri, safar hannu, da 'yan fakitin nan masu ɗumama hannu. Babbar jaket ɗin ka riƙe ta a hannu sai ka isa wurin zama sannan ka sa, in ka yi gumi a hanya awa ɗaya ba za ka yi ba.

Bindiga, wadda aka fi amfani da ita irin su .243 da .270 da .308 da .30-06 ne, kowacce ta isa. Abin da ya fi lambar muhimmanci ka je filin gwaji kafin lokaci ka saita madubinta a yadi 100 har sai harsashi uku suna faɗawa wuri ɗaya, kuma ka san iyakar nisan da hannunka ke iyawa. In da hali ka sayi harsashin tagulla, na dalma yana farfashewa ƙanana a cikin nama kuma yara za su ci. A mota bindiga ba harsashi a ciki. Ba a harbi daga kan titi ko kusa da shi, ba a harbi cikin yadi 100 da gidan mutane sai da izininsu. Kullum ka ɗauka akwai harsashi a ciki ko da kai ka cire da hannunka, bakinta kar ya kalli mutum, yatsa kar ya shiga wurin kunama sai za ka harba, kuma ka san abin da ke bayan dabbar, don harsashin nan yana wuce ta ya ci gaba. Motsi a cikin ciyawa ba a harbinsa sai ka ga dabba sarai kai da jiki.

Mutane da yawa suna hawa kujerar da ake ɗaurawa a bishiya. Tana da amfani don kana gani nesa warinka kuma yana bi ta sama, amma faɗowa daga kanta na cikin abin da ya fi raunata maharba. In za ka hau ka ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, bindiga kuma ka jawo ta da igiya ba harsashi bayan ka zauna. Shekarar farko dai ni na fi son mutum ya zauna a ƙasa ya jingina da gindin babbar bishiya.

Ana buɗe harbi minti 30 kafin fitowar rana a rufe minti 20 bayan faɗuwarta, kuma a ƙarshen Nuwamba rana na fitowa wajen ƙarfe 7 ta faɗi tun kafin 4 da rabi. Ka yi alwala daga gida, ka yi asuba a gefen mota da zarar alfijir ya keto, ka shiga a hankali ka zauna kafin gari ya waye. Azahar da la'asar suna matse da juna a lokacin, ka tafi da 'yar darduma da abin duba alƙibla a waya. Safiya da yamma ne suka fi motsi, amma ranar farko kar ka tashi da hantsi, lokacin da sauran maharba suka gaji suna fita cin abinci su ne ke tayar da barewa su koro maka ita.

Toh ga ta ta fito. Zuciyarka za ta buga kamar ganga, kowa haka yake ji, ka ja numfashi. Kar ka ɗaga bindiga tana kallonka, bari ta sunkuya ko kanta ya shiga bayan itace. Jira ta ba ka gefe, ka saita bayan kafaɗa kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, nan huhu da zuciya suke. Ban yarda da harbin kai ko wuya ba, wurin ƙarami ne, kuskure kaɗan ka fasa mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa bayan kwanaki, wannan zalunci ne. Wadda ke gudu ma a ƙyale ta. Sannan ka ce Bismillahi Allahu Akbar lokacin da za ka saki harbin, ko a hankali ne, wannan ita ce bismillar yankanka. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim shi ne asalin maganar, a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma a ciki aka ce in ka tarar da ita ta faɗa ruwa ta mutu kar ka ci don ba ka san ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarka ba.

Bayan harbi ka sa ido ka ga inda ta bi da inda ta ɓace maka, ka riƙe wata bishiya a ranka. In ta faɗi nan take kana gani, sake sa harsashi ka nufe ta ta bayanta, kar ta gaban kofato ko ƙaho don suna iya yi maka illa. In da sauran rai sai ka yanka ta kamar yadda ake yanka akuya. Shi ya sa wuƙa mai kaifi take zama a ƙugunka, malaman Malikiyya sun yi magana a kan wanda ya bar wuƙarsa a jaka ko a hannun wani har dabbar ta mutu kafin ya ɗauko, da wanda ya yi sakaci wajen bin ta, suka ce ba a ci. In kuwa ta ruga daji, je ka duba jinin. Ja mai haske da kumfa huhu ne, ba za ta yi nisa ba, ɗan jira kaɗan ka bi. Ja mai duhu hanta ce. In ka ga kore-kore da wari to tumbi ka samu, a nan turawa za su ce ka bar ta awoyi da yawa don in ka matsa mata tashi za ta yi ta yi ta gudu har ka rasa ta, kuma gaskiyarsu ne ta fuskar farauta, sai dai mu muna da ƙarin nauyin yanka da maganar wadda ta kwana ba a gan ta ba, wadda malamai suka saɓa a kai. Ka zauna da malaminka ka warware wannan tun kafin ka fita, kar sai kana tsaye kan jini cikin duhu. Ni abin ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya da yamma, na bi jini da tocila har ya ɗauke ban same ta ba, na kwana ina juyi, tun daga ranar in haske ya fara raguwa kuma ban samu gefe sosai ba bana harbi. Doka ta yarda a nemi wadda aka raunata da kare in yana ɗaure da igiya, akwai masu yin wannan taimakon.

Ka same ta, Alhamdulillahi. Yanzu gaggawar ita ce nama ya huce. Sa safar roba, kwantar da ita rigingine, tsaga fatar ciki daga ƙasa zuwa ƙirji bakin wuƙa na kallon sama yatsunka biyu na tura tumbi ƙasa kar ka huda shi, zagaye dubura ka 'yanto ta, yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, miƙa hannu can sama ka yanke maƙogwaro ka jawo komai waje. Duk wanda ya taɓa gyara ragon layya ba zai sha wuya ba. Zuciya da hanta a leda. Ka juya ta jini ya tsiyaye, ka sa ɗan itace ya buɗe cikin iska ta shiga. Jan ta zuwa mota aiki ne, a samu igiya ko abin jan kaya a ƙanƙara, a huta a hanya, kuma kar ka taɓa saɓa ta a kafaɗa kana tafiya da ita cikin daji, wani zai hango ƙaho yana motsi. Dole ka yi mata rajista a GameReg, tsarin rajistar namun daji na DNR, ta waya ko intanet kafin ƙarfe 5 na yammacin washegarin ranar da ka same ta. Da ka koma gida ka duba jikinka da kyau saboda kaska, ƙananan nan masu sa cutar Laim suna da yawa a jihar.

Akwai cutar da ke cin ƙwaƙwalwar barewa wadda ake kira CWD, an fara gano ta a Wiskonsin a 2002 kuma ta fi yawa a kudu maso yamma. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kar a ci naman wadda gwaji ya nuna tana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe abin da ke kawo ta komai daɗewar tukunya a wuta. Gwajin kyauta ne, akwai wuraren da ake ajiye kan da ɗan wuya a cike fom, sakamako ya zo maka. Don haka farfesun kai a haƙura da shi, ƙwaƙwalwa da ido da saifa da lakar gadon baya duk a zubar inda aka tanada, naman kuma a rubuta masa alama a firiza kar a taɓa sai sakamako ya fito.

Wajen fiɗa da yankawa nan ne 'yan uwa da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Tsokar barewa ba ta da kitse a cikinta, saboda haka masu gyaran nama a nan in za su niƙa shi ko su yi tsiran nan nasu kitsen alade suke haɗawa, kuma sau da yawa suna cakuɗa naman mutane da yawa a injin ɗaya, wanda ba ka san yadda aka kashe ba. In dole sai ka kai musu, ka ce tsoka zalla kake so a yanka a naɗe, ba niƙa ba haɗi, naka kaɗai. Amma abin da ya fi, ka rataye ta a gareji in ma'aunin zafi bai haura digiri 4 na Salshiyas ba, ku taru ku biyu ku feɗe da kanku. Farin kitsen jikinta a cire shi duka, shi ne ke kawo ƙarnin da mutane ke kuka da shi kuma yana daskarewa a baki. Dogayen tsokar nan biyu na gefen gadon baya su ne mafi taushi, su ake yi wa tsire ko balangu, wuta mai zafi minti kaɗan a sauke, in ya daɗe sai ya zama kamar fata. Wuya da kafaɗa da ƙwauri na farfesu ne da dambun nama, a bar su su nuna a hankali da citta da kanumfari da masoro. Cinya kuwa tunda ba kitse kamar don kilishi aka yi ta, a yanka ta fale-fale tun tana da ɗan sauran ƙanƙara don wuƙa ta fi tafiya daidai, a busar a oben da ƙaramar wuta ƙofa a ɗan buɗe tunda ranar Nuwamba a nan ba ta busar da komai, a tsoma a labu na ƙuli da yaji a mayar ya sake bushewa, sannan a ƙara wuta a gasa shi ya yi zafi sosai har ciki kafin a ba yara.